Bernin gitata ya lalace: a kankare duka ko a gyara inda ya ɓaci?

Makaɗin Tawa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin itace da fenti a wannan zaure. Ina da gitar lantarki ja mai ƙirar Stratocaster, wadda kawuna ya bar mini lokacin da ya daina kiɗa. Shi ma ba sabuwa ya saye ta ba, a hannun wani da ya dawo daga ci-rani a Libiya ya same ta, kuma sunan da ke kanta ya goge tun kafin ta zo hannuna. Makon jiya, muna dawowa daga wani buki a bayan gari, ta kuɓuce daga bayan babur ta faɗi bisa tsakuwa. Alhamdu lillahi wuyan bai karye ba, amon ma bai sake ba, sai dai a gefen ƙasa fenti ya ɓalle kamar faɗin farcen babban yatsa, har itace ya fito fili ya ɗan loɓa. Ban da wannan akwai tsofaffin matsaloli: bernin, wato rigar ƙyallin da ake fesawa bisa fenti, ya yi tsaga sirara kamar saƙar gizo, wurin da damtsena na dama ke kwanciya ya yi danƙo yana kama ƙura, sannan robar taya da nake ɗaure ta da ita ta bi ta inda jakar ta yage, ta bar zane da ya nutse cikin bernin. Shin a kankare duka a sake fesawa, ko akwai hanyar gyara wuraren da suka ɓaci kaɗai?

Mai Fentin Mota:
Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan ba abin dogon tunani ba ne. A kwance ƙarafa da wayoyi, a kankare har itace, a cike ramin da mastik, a fesa fentin share fage, a bi da ja, sannan a rufe da bernin mota mai haɗi biyu, wanda ake zuba masa ruwan ƙarfafawa. Cikin kwana biyu za ka karɓi gitarka tana ƙyalli kamar motar da ta fito daga kanti, kuma zafin Tawa ba zai sake taɓa ta ba. Ka ba direban bas ya kawo ta Yamai, ni zan yi maka aikin.

Kafintan Katako:
Ɗana, kada ka ɗora ta a bas tukuna. Ban raina aikin abokinmu mai fenti ba, amma mota ƙarfe ce, gita kuwa itace ce, kuma itace yana shan laima ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Kafin a ce a kankare ko kada a kankare, dole a san wane irin berni ke jikinta, domin maganin wani guba ne ga wani. Abu biyu cikin bayaninka sun ja hankalina, wato danƙon da ke wurin damtse da kuma zanen roba. Bernin da muke fesa wa kujeru da kabad, wanda muke kira na selilos, shi ne roba ke ci idan ta daɗe kwance a kansa, kuma shi ne ke yin laushi da gumi. Ina da tambaya guda: idan za ku yi kiɗan dare da damina, kana shafa maganin sauro a hannu?

Makaɗin Tawa:
Ƙwarai kuwa Baba, kusan kowane dare, domin wurin buki fitila ke tara sauro a kanmu.

Kafintan Katako:
To ka ga inda danƙon ya fito.

Malamin Kimiyya:
Baba kafinta ya kama bakin zaren, bari in ƙara bayani domin waɗanda ke bin muhawarar su fahimci dalilin. Bernin da ake sa wa gita ya kasu gida biyu manya. Na farko shi ne nitiroselilos, nitiro a taƙaice, wato wanda Baba ya kira na selilos, wanda ake samu idan aka haɗa zaren auduga ko ɓargon itace da sinadarin nitirik. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya yaɗa shi a matsayin fentin mota a farkon shekarun 1920 da sunan Duco, daga nan masu ƙera kayan kiɗa suka ɗauka. Wannan berni ba ya sake hali idan ya bushe, diliyan ɗin da ke cikinsa, wato ruwan da ake sirka shi da shi, shi ne kawai ke tashi ya bar shi a daskare, saboda haka ko bayan shekara hamsin idan diliyan ko asiton, sinadarin da ake goge jan farce da shi, ya taɓa shi zai sake narkewa. Sinadarin da ke cikin yawancin magungunan sauro na shafawa, wanda ake rubuta DEET a jikin kwalba, shi ma yana narkar da shi, haka kuma man da ke tsattsafowa daga roba da leda mai laushi. Gida na biyu shi ne foliyesta da foliyuretan, foli a taƙaice, waɗanda ke daskarewa ta hanyar haɗuwar sinadarai, kamar yadda siminti ke kamawa, kuma da zarar sun kama babu diliyan da zai mayar da su ruwa.

Kamfanin ƙera gita na Fender ya yi amfani da nitiro a shekarun 1950 da mafi yawan 1960, har launukansa na musamman daga fentin motoci ya ɗauko su, sannan wajen 1968 ya koma ga foli a yawancin gitocinsa. Takwaransa Gibson kuwa har yau nitiro yake fesawa. Gitoci masu sauƙin kuɗi da ake ƙerawa a Sin da Indonesiya, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun matasanmu, kusan dukansu foli ne mai kauri. Amfanin sanin wannan shi ne, a kan nitiro sabon berni yana narkewa ya haɗe da tsohon su zama abu ɗaya, a kan foli kuwa sai dai a cike rami da wani abu daban a goge har ido ya kasa rabewa.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa:
Malam ya gama bayani, saura gwaji. Ɗan uwa, ka sassauta tsirkiyoyi, ka kwance bis huɗun da ke riƙe da wuya ta baya, ka ɗaga farantin roban da mikuro, wato na'urorin ɗaukar sauti, ke zaune a kai. Kafin ka taɓa waya ko ɗaya ka ɗauki hoto, musamman siririyar wayar da ke tafiya ta baya zuwa ƙarfen da ke riƙe da jaki, wato abin da tsirkiyoyi ke hawa a kai, domin idan ta tsinke gitar za ta riƙa ƙugi a lasifika. Sai ka sami asiton, ka jiƙa ɗan tsinke mai auduga, ka dangwala a wurin da farantin ke rufewa, ka ƙirga goma ka ɗaga. Idan wurin ya yi laushi ko launi ya biyo audugar, nitiro ne. Idan ko gezau bai yi ba, foli ne. Kada asiton ya taɓa farantin ko maɓallan roba, yana cin su.

Game da tsagar nan mai kama da saƙar gizo, sanyi da zafi ne ke kawo ta idan suka sauya da gaggawa, domin itace da berni ba sa miƙewa da tsukewa tare. A nan Yamai na fi ganinta a gitocin da ke kwana a ɗaki mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, a fito da su kai tsaye cikin ranar Afrilu da ta haura digiri 40. Ku a Tawa sanyin asubar hunturu da zafin tsakar rana sun isa su yi wannan aiki.

Mai Shagon Kwalliya:
Gafara dai malamai, in ɗan sa baki. Idan zai sayi ruwan goge jan farce a madadin asiton, ya karanta kwalbar da kyau, domin akwai waɗanda aka rubuta babu asiton a ciki, akwai kuma masu mai da turare. Waɗannan za su iya ruɗa shi a gwajin, su kuma bar maiƙo a jikin itacen.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa:
Gaskiyarki Hajiya, wannan ya wuce mini. Diliyan na selilos daga wurin masu sayar da fenti ma zai wadatar.

Wani Tsohon Makaɗi:
Ni ra'ayina daban ne, kuma na san ba kowa zai so shi ba. Gitar da ta bi bukukuwa daga Tawa zuwa Abalak da Cintabaraden dole ta nuna a jikinta. A ƙasashen Turai da Amurka har kuɗi ake ƙarawa a sayi sabuwar gita da masana'anta ta tsufar da ita da gangan, an ƙuje ta an tsattsaga bernin, mu kuma da Allah ya ba mu tabon gaskiya muna neman shafe shi. Tsohuwar gita mai daraja idan aka sake mata fenti, farashinta faɗuwa yake yi ƙwarai a wurin masu tara irinsu. Ka bar wa kawunka tabonsa, ƙanena.

Mai Fentin Mota:
Yaya, wannan magana ta masu tara kayan tarihi ce. Gitar da ba ta da suna, aka sayo ta hannu da hannu, wa zai tara ta? Yaron nan da ita yake neman abinci, kuma mutanen buki da ido suke fara saurare. Ban da haka, kun ce nitiro maganin sauro ma yana narkar da shi, to me ya sa za a mayar masa da abin da zai sake lalacewa damina mai zuwa?

Kafintan Katako:
Tambayarka ta ƙarshe tana da nauyi, ban musa ba. Amma ka faɗa masa abin da kankarewa ke nufi. Idan foli ne, maganin cire fenti na kanti da ƙyar yake taɓa shi, sai an sa iska mai zafi da ƙarfen kankara, ko a ci shi da inji, kuma a nan ne gefuna masu lanƙwasa ke lalacewa, gurbin wuya ya faɗaɗa, wuyan ya daina zama daram. Sau da yawa kuma idan aka kai ga itacen gita mai sauƙin kuɗi, sai a tarar guntaye ne da dama aka manna, an rufe da mastik. Sannan bernin mai haɗi biyu ba abin da za a fesa a tsakar gida ba ne, tururinsa yana illa ga huhu, ƙyallen rufe hanci na ƙura ba ya tare shi. Ni da Yaya tsohon makaɗi mun haɗu a rabi: tsagar gizo a bar ta, ba ta hana komai. Amma inda itace ya fito fili dole a rufe, in ba haka ba gumi zai shiga ya baƙanta shi, ya bi ta ƙarƙashin fenti yana ɗaga shi kaɗan-kaɗan.

Makaɗin Tawa:
Na yi gwajin yau da hantsi, kuma abin da na gani ya ɗaure mini kai. A ƙarƙashin farantin roba na dangwala har sau uku, ko alama bai yi ba, yana nan da ƙyallinsa. Sai na ce bari in gwada ta baya kusa da inda robar taya ta ci, nan take wurin ya narke, audugar ta fito da wani abu rawaya-rawaya mai danƙo, amma babu ja a jikinta. Da na share, sai ga wani ja mai haske a ƙasa, sumul, babu tsaga ko ɗaya. Na kira kawu na tambaye shi, ya yi dariya ya ce shekarun baya da gitar ta dushe ya kai wa wani kafinta ya fesa mata berni, ko farantin ba su cire ba.

Malamin Kimiyya:
To magana ta fito. Riguna biyu ke jikinta: ta ciki foli ce ta masana'anta, ta waje kuma bernin selilos ne na kafinta. Da yake nitiro ba ya iya narkar da foli ya kama shi, zaman aro yake yi a kai, shi ya sa ya tsattsage ya yi danƙo alhali na ƙasan yana lafiya.

Mai Gyaran Kayan Kiɗa:
Ɗan uwa, ka yi sa'a, aikinka ya ragu da fiye da rabi. Ba ka bukatar fesa komai. Ka kwance duk abin da ke jikin gangar, ka fita waje inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da mai shan taba, domin diliyan da nitiro duka wuta suke jira. Ka sa safar hannu, ka jiƙa tsumman auduga fari da diliyan, ka riƙa share ɗan wuri kaɗan-kaɗan kana sake tsumma, har rigar wajen ta fita duka. Da ita danƙon da zanen roba da saƙar gizo za su tafi. Kada ka kwarara diliyan a kai, kada kuma ka bar shi ya kwanta a ramin da ya ɓalle ko a ramukan bis.

Daga nan sai ramin. Tunda ka ce itacen ya loɓa, ka duba da kyau: idan zaren itacen dannuwa ya yi bai yanke ba, ka ɗora ɗan tsumma mai laima a kan itacen kaɗai, ka taɓa shi da bakin ƙarfen narka dalma na masu gyaran rediyo na daƙiƙa biyu ko uku, tururin zai ɗaga shi. Kada zafin ya kai ga fentin da ke kewaye. Ka bar shi ya bushe kwana ɗaya, ka cire ɓarɓashin fentin da ke lilo a bakin ramin da reza. Sai launi, a shafa ja siriri a ƙasan ramin kawai. Bayan ya bushe sarai, ka riƙa ɗiga gam mai kamawa nan take, irin na ƙaramin bututu, da bakin tsinke, ɗigo kaɗan, ka jira ya daskare, ka ƙara, har ya ɗan haura saman fentin. Laimar iska ce ke daskarar da wannan gam, saboda haka a bushewar hunturu zai fi jinkiri, kada ka yi gaggawar ƙara wani a kan ɗanye. Kada kuma ka share shi da auduga, yana ɗaukar zafi idan suka haɗu.

Idan ya kwana ya yi tauri, ka naɗa sikoci a gefe biyu na reza ka bar tsakiyarta, ka riƙa kankare tudun a tsaye har rezar ta daina cin komai. Sannan samfefa ta ruwa, naɗe a ɗan katako ko abin goge fensir, lamba 800, sai 1000, sai 1500, sai 2000, da ɗigon ruwa mai ɗan sabulu. A ƙarshe man goge fentin mota mai laushi da tsumma. A nan abokinmu mai fenti ya fi ni sanin mai kyau.

Mai Fentin Mota:
Na karɓi kaye, tunda fentin asali yana raye babu dalilin kashe shi. Amma ku ji nawa gargaɗin. Ka nemi man gogewa wanda babu silikon a ciki, kuma ka daina fesa mata maganin ƙyallin kujeru ko na gaban mota, domin silikon idan ya shiga, duk ranar da aka zo gyara sabon fenti zai riƙa tsaga ido kamar na kifi. Sannan a gefe fenti ya fi siriri a kowane irin aiki, ramin naka kuma a gefe yake. Shafa biyu ta wuce kima sai ka ga fari ya leƙo.

Mai Shagon Kwalliya:
Batun launi, jan farce zai iya yi muku, tunda ja iri-iri ne a kasuwa. Ka zo da gangar ko ƙaramin hoto da aka ɗauka a hasken rana, ka gwada a bayan cokali tukuna, saboda launinsa a kwalba daban yake da bayan ya bushe.

Malamin Kimiyya:
Shawarar Hajiya tana da tushe, domin yawancin jan farce da nitiroselilos ake yin sa. Sai dai a ba shi kwana biyu ko uku kafin a ɗora gam, in ba haka ba gam ɗin zai kwashe launin ya dama shi.

Wani Mai Bibiya:
Ina karatu tun farko ban ce komai ba. Tawa gitar na gwada ta jiya, nitiro ce tun daga sama har ƙasa, kuma tana da ɓalli irin wannan. Ni ma gam zan sa?

Kafintan Katako:
Kai naka da bernin selilos ɗin kansa za ka cike. Ka zuba kaɗan a murfin kwalba ka bar shi ya yi kauri kamar zuma, ka riƙa ɗigawa, zai narke ya haɗe da tsohon babu layi. Wahalarsa jira ce, domin yana tsukewa yayin da diliyan ke fita, abin da ka cike yau gobe za ka tarar ya faɗa. Bayan ɗigon ƙarshe ka ba shi mako uku zuwa huɗu kafin reza ta taɓa shi, in ka yi gaggawa ramin zai dawo bayan ka gama gogewa. Idan har sai ka fesa, ka guji ranar da hadari ya haɗu a watan Agusta, laima na shiga ciki ya yi fari kamar hazo. Ka guji tsakar ranar bazara, bernin na bushewa a iska kafin ya sauka, ya fito da kaushi kamar yashi. Ni na fi son sanyin safiya bayan ɗaukewar ruwa, a ɗaki rufe da aka yayyafa wa daɓensa ruwa saboda ƙura.

Makaɗin Tawa:
Ƴan uwa, na dawo da labari bayan kwana goma sha biyu. Cire bernin saman ya ci mini yini biyu da tsofaffin riguna uku, kuma jan da ya fito ya fi wanda na sani haske, har kawu ya ce haka take ranar da ya fara ganinta. Tururi ya ɗaga rabin loɓawar, sauran zaren ya yanke. Na sa jan farce kamar yadda Hajiya ta ce, na ɗiga gam sau bakwai cikin kwana huɗu. Da yatsa ba a jin wurin ko kaɗan, amma a rana ana ganin ya ɗan fi kewayensa duhu. Kuma Yaya mai fenti, abin da ka faɗa ya faru: a lamba 1000 na matsa hannu, fari ya leƙo a gefe kamar tsawon ƙwayar shinkafa. Shin in sake bin sa da launi da gam, ko in ƙyale?

Mai Fentin Mota:
Ɗigo ɗaya na launi da bakin allura, ɗigo ɗaya na gam a kai, kuma wannan karon ka fara daga 1500, katakon ya kwanta a shimfiɗe, kada ya hau kan lanƙwasar.

Wani Tsohon Makaɗi:
Ni da zan bar shi. Wurin yana ƙasa, cinyarka ce kaɗai za ta gan shi.

Makaɗin Tawa:
Zan rufe shi saboda gumi, tunda Baba ya ce nan ne ɓarna ke farawa. Akwai buki ranar Asabar, saboda haka yau da dare zan ɗiga, jibi in goge in mayar da wuya da tsirkiyoyi. Na kuma ba tela ɗinkin sabuwar jaka mai soso a ciki, da maɗauri na yadi a madadin robar taya.